Wankan Hajiya Dudu a Kan Dandamali

Na san abin da ake gaya muku a kaina, ba sai kun ɓoye min ba. An ce kakarku Azumi bakinta ba shi da linzami, an ba ta amanar gawa ta kwasa ta kai kasuwa. Wasunku a islamiyyar ranar Asabar kuka ji, wasunku a gidan suna, inda ana hango ku sai a rage murya. To ga ni da raina da hankalina, zan faɗa sau ɗaya, wanda Hausarsa ba ta kai ba ya nemi mai karanta masa. Ban taɓa buɗe baki na faɗi abin da na gani a jikin wata mace ba. Ko kakanku, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ji daga gare ni ba. Abin da zan rubuta a nan ma ba ni na fito da shi ba, an riga an nuna wa duniya shi a ƙarƙashin fitila, har da tafi.

Wankan gawa a zangon Kumasi na koya, wurin goggona, tun ina budurwa. Da aure ya kawo ni Moss Side, nan Manchester ta Ingila, na tarar masu yinsa a cikin matanmu ba su da yawa, sai ni da ƙawata Mma Lariba muka riƙe aikin. Da sassafe mu je sharar ofisoshi, in waya ta zo mu ajiye tsintsiya mu hau bas zuwa ɗan ɗakin da ke bayan masallaci, mai teburin ƙarfe da famfon ruwan ɗumi. Matan likitoci da na akantoci, 'yan Najeriya, waɗanda a gidan biki suke kwaikwayon Hausarmu ta Gana suna ƙyalƙyala dariya, ranar da mutuwa ta shiga gidansu lambar Azumi suke nema. Ban taɓa riƙe su da wannan ba. Aikin yana da ƙa'ida ɗaya da ta fi sabulu da kafur muhimmanci. Zane yana kan mamaciya daga farko har ƙarshe, hannunki ne ke shiga ƙarƙashi, abin da hannun ya taɓa kuwa, ko ido ya faɗa a kai bisa kuskure, a ɗakin nan ake barinsa. Kowace mace tana da abin da ba ta so a gani, wata tabon aiki, wata nono ɗaya, wata abin da ba zan ambata ba. Don sun san ba za a ji ba suke miƙo mana iyayensu.

Samira, autata, wadda ƙanananku ke kira Anti Sam, ita ce ta ce rawa za ta karanta a jami'a. Yayyenta suka yi mata ca. Ni ban hana ba, ubanta ya riga ya rasu, kuma yarinya ce da ba ta wasa da salla. Amma gaskiya ban gane kan abin ba. Rawar da na sani a yi kiɗa, a juya, a gaji, kowa ya kama gabansa. Tasu kuwa babu kalangu babu waƙa. Mutum ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, can ya zube ya yi birgima, ya tashi ya ruga, a ce wai labari ya bayar. Na taɓa tsokanarta a kicin.

"Yanzu wannan birgimar aka tura ki Birmingham ki koyo? Ai da kin yi zamanki, tun kina rarrafe kika ƙware."

Ta yi dariya ta ce, "Mma, in kin dawo aiki, kafin ki ajiye jaka na san ko an ɓata miki rai. Kafaɗarki ke gaya min. To shi muke koya, yadda za a sa kafaɗa ta yi magana mutanen da ke can kujerar baya su ji."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da yankan albasata.

Hajiya Dudu tsohuwa ce 'yar Kano, ɗanta Injiniya ya kawo ta ta zauna da shi. Babu wanda bai san tafiyarta ba. Hannun hagu dafe da ƙugu, ƙafar dama tana ɗan ja, in ta yi 'yan taku sai ta tsaya ta cilla gefen mayafi bisa kafaɗa, ta ɗaga haɓa ta dubi mutane ɗai-ɗai. Yara har kwaikwayonta suke yi a bayan idonta. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a ɗakin sama, ta daɗe ba a ganinta, in an je dubiya sai Bilkisu matar Injiniya ta ce barci take. Cikin hunturu ta rasu. Ranar, matar da ke zuba mana ruwa tana asibiti da ɗanta, Samira kuwa ta zo hutu. Na ce ta yi alwala ta biyo ni. Wasu sun ce a nan na yi kuskure. Ban yarda ba, har gobe. Ni ma haka goggona ta ja ni, kuma duk macen da ta iya aikin nan wata ce ta taɓa ce mata zo ki riƙe buta. A bakin ƙofa na tsayar da ita na gaya mata ƙa'ida, ta dube ni ta ce ta ji.

Hajiya Dudun da muka sani mace ce mai jiki. Da muka zo ɗaga ta, ni ta kafaɗa Lariba ta ƙafa, muka ja numfashi muka tattaro ƙarfi kamar yadda muka saba, sai ga ta ta taso kamar an ɗauki filo, har na yi taga-taga baya. Babu nauyi ko kaɗan. Muka juya ta gefe don wanke baya, na sa hannu ƙarƙashin zane, na rasa inda zan ɗora shi. Gyambon kwanciya ne tun daga kafaɗa har ƙugu. Na janye hannun, na sake kaiwa, na sake janyewa. Daga ƙarshe da auduga na bi gefe-gefe ina dangwalawa, Samira na tsiyaya ruwa a hankali, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Muka gyara mata gashi, muka sa kafur, muka suturta ta tsaf. Da muka fito Injiniya ya tare ni da jajayen idanu, na gaya masa abin da nake gaya wa kowa, cewa ta yi kyau, Allah ya sa ta huta.

Amma akwai abin da na sani wanda bayan tsohuwar bai nuna ba, don gidan na sha zuwa. Hajiya Dudu ta rantse babu baƙon da zai taɓa jikinta. Ma'aikatan jinyar da ƙaramar hukuma ta turo, da tofin yawu da jifan kofi ta kore su. Ta ƙi asibiti, in an kawo abinci ta datse haƙora. Injiniya a wani gari yake aiki, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Bilkisu ita kaɗai, da tsohon ciki da ciwon baya, take cicciɓar matar da ke yakushinta duk sanda ta zo juya ta. Da idona na ga sawun farce a wuyanta. Ban ce ba ta taɓa gajiya ba. Ban ce babu ranar da ta sauko ta zauna a matakala tana kuka ta bar tsohuwar a yadda take ba. Amma wanda bai yi jinyar nan ba bai isa ya yanke mata hukunci ba, Samira kuwa ko ƙofar gidan ba ta taɓa takawa ba.

Shekara ta kewayo. Samira ta gama karatu, ta kama ɗaki a unguwar Aston, can Birmingham, ta haɗa kai da wasu 'yan mata suna shirya wasanninsu. Ta bugo ta ce za ta nuna wasan farko da ta tsara da kanta, ranar Asabar da rana, a kan iyaye mata ne, 'yan rawar duk mata ne kuma a suturce, in zo ni da Mma Lariba. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba, amma a wurinmu in an gayyaci mutum ɗaya an gayyaci unguwa. 'Yarki ta yi abin kirki, ki tafi ke kaɗai kamar marar dangi? Haba. Gida-gida na bi ina faɗa, bakina har kunne. Muka cika ƙaramar bas, kowa da ankonta na biki, ana ta hira da tsokana har muka bar Manchester. Bilkisu ta bar jaririnta wurin maƙwabciya, ta zo da kwanon cincin, ta zauna kusa da ni. Ta ce tun rasuwar Hajiya ba ta fita ko'ina ba, yau dai za ta ɗan sha iska.

Ɗakin wasan ƙarami ne, kujeru hawa-hawa, dandamalin baƙi ƙirin babu komai a kai sai dogon benci. Aka kashe fitilu aka bar guda. Babu kiɗa, sai ƙarar ɗigar ruwa daga lasifika. Wata doguwar yarinya ta fito cikin kaya masu ruwan toka da mayafi. Hannun hagu a ƙugu, ƙafar dama tana ja. Ta yi 'yan taku, ta tsaya, ta cilla mayafi, ta ɗaga haɓa ta dube mu ɗai-ɗai. Layinmu ya kwashe da dariya, wata ta ce da ƙarfi, "La'ilaha! Hajiya Dudu!" Bilkisu ma ta yi murmushi. Ni kuwa ban taya su dariyar ba.

Yarinyar ta yi ta kewaya dandamalin, kewayen yana raguwa, hasken yana matse ta, har ya zama babu inda ya rage mata sai bencin. Ta kwanta. Sai ta fara ƙoƙarin juyawa. Kafaɗa ta ɗago, ta yi rawa a sama, ta koma. Ta sake, ta koma. Can wata ta ɓullo daga gefe, tafukan hannu a shimfiɗe kamar mai ɗauke da tire, tana ɗaga gwiwa tana hawan matakalar da babu ita. Ta zo daidai inda haske ya ƙare ta tsaya, ta sunkuya ta ajiye, ta ja da baya tana goge hannu a riga. Ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, kowane zuwa ya fi na baya sauri, har ta kai ba ta ko waiwayen bencin. Wadda ke kan bencin ta miƙo hannu, yatsu a buɗe, hannun ya yi ta sauka a hankali har ya taɓa ƙasa. Dariya ta daɗe da mutuwa a layinmu. Ina jin numfashin Bilkisu a gefena.

Sai ga Samira da kanta, ita da wata, ɗauke da farin zane. Ni ce ta zama. Yadda nake naɗe hannun riga, yadda nake karkatar da kai gefe don kar in kalla, har motsin leɓena in ina bisimilla, duk ta kwashe. Suka rufa zanen, suka tsaya ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, suka ja numfashi, suka tattaro ƙarfi, suka ɗaga, Samira ta yi taga-taga baya tana duban hannayenta. Suka juya ta. Hannu ya shiga ƙarƙashin zane ya fito da sauri. Ya koma, ya fito. Ya yi ta shawagi a kan bayan, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana neman inda zai sauka bai samu ba. Sannan yatsu biyu suka tsinci audugar da babu ita suka fara dangwalawa. Wallahi ko ni aka ɗora a wurin ba zan yi shi daidai haka ba. Ba a furta kalma ɗaya ba tun daga farko, amma babu macen da ke layin nan da ba ta fahimci komai ba. Kawuna suka juyo, suka dubi Bilkisu, suka dube ni.

Bilkisu ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Mma Azumi, ashe haka kika ba da labarina."

Ta tashi ta bi ta gaban gwiwoyin mutane ta fita. Turawan da ke bayanmu kuwa miƙewa suka yi suna tafi, wasu na share hawaye.

Na sami Samira a lungun bayan dandamali, gumi na tsiyaya, fuska sai haske take. Ta taho za ta rungume ni, na ɗaga mata hannu.

"Me na gaya miki a bakin ƙofar ɗakin wanka?"

"Mma, ban faɗa wa kowa komai ba. Ko 'yan rawar ba su san sunanta ba. Babu magana a ciki, ai kin gani."

"Tafiyar fa? Tafiyar wa kika koya wa yarinyar nan?"

Ta ce, "Ke da Mma Lariba na gayyata. Ban ce ki cika min bas ba."

"Au, laifina ne ke nan. To da ni kaɗai na zo, bayan matar nan da kika buɗe wa Turawa fa, ya koma a rufe?"

"Tsohuwar nan ta ruɓe da ranta a ɗakin sama, Mma, kowa ya yi shiru. Ke ma kin fito kin ce ta yi kyau. Ni na kasa mantawa. Dole wani ya tsaya mata."

"Kin taɓa juya ta? Kin taɓa jin farcenta a wuyanki? Wa ya tsaya wa Bilkisu?"

Aka leƙo aka kira ta, wai masu ɗaukar hoto suna jira, ta tafi.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Da magana ta yi, da da sauƙi. Magana ana musanta ta, a kira wanda ya sani, a ce ba haka aka yi ba, ga yadda aka yi. Amma wurin wa Bilkisu za ta je ta ce wannan hannun ƙarya yake yi? Hannun bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya ɗauko, ya ƙawata ta da haske. Mai tiren nan kuwa daga tunanin Samira ta fito, amma da yake an haɗa ta da abin da ya faru da gaske, sai duk aka haɗiye tare. Matan da suka kalla ba sa cewa an gaya musu, cewa suke sun gani da idonsu.

Ranar nan mu muka koma Manchester a bas. Bilkisu jirgin ƙasa ta bi. Ashe wata a cikinmu ta ɗauki wasan a waya tun daga inda aka fara dariya, kafin mako ya ƙare ya isa Kano wurin 'yan uwan Injiniya mata. Aurensa da Bilkisu bai kai azumi ba. Bilkisu ta kwashi 'ya'yanta ta koma wani gari. Kafin ta tafi na je ƙofarta na yi ta sallama, ina jin motsinta a ciki, ba ta buɗe ba. Ni kuma wayata ta yi tsit. Farkon abin da ya nuna min matsayina, sai ji na yi an binne wata baiwar Allah a unguwarmu jiya, ba wanda ya neme ni. Babu mai yarda cewa yarinyar da ta riƙe buta sau ɗaya za ta kwashe aikin haka, cewa aka yi ni na zaunar da su na koya musu. Samira ta kai wasanta garuruwa, ya yi mata suna. Daga baya ta cire tafiyar Hajiya Dudu daga ciki, ta bugo ta gaya min kamar wadda ta yi min kyauta. Na ce ta kyauta, na ajiye wayar.

Mma Lariba ce kaɗai ta tsaya min. A gidan biki, a gidan makoki, ta sha rantsewa cewa tana wurin, Azumi ba ta faɗi komai ba. Ta ci gaba da wanka da wasu matan da ta koya wa, in ta taso ta biyo ta gidana mu sha shayi, ba ta gaya min wa aka wanke, ni ma ba na tambaya. Haka muka tsufa. Da ciwo ya kwantar da ita bara, ni nake dama mata koko in kai mata, ni nake shafa mata mai a ƙafa. Ranar da ta cika na yi alwala, na ɗauko tsohuwar jakata da ta daɗe a saman kabad, na hau bas zuwa bayan masallaci. Ban yi tunanin sai an kira ni ba. Babbar 'yarta na tarar a bakin ƙofar, ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta matsa ba.

"Mma, ki yi haƙuri. Ita ta bar wasiyya."

"Wasiyyar me?"

"Ta ce ta san ba ke kika faɗa ba, ko a gaban Allah za ta shaida. Amma ta ce tsoro take ji. Ta ce kar ki shiga."

Aka kawo min kujerar roba na zauna a baranda, jaka a cinya. Ta bango ina jin ƙarar ruwa, na san yanzu alwala ake mata, yanzu an juya ta, yanzu an ɗauko kafur. Matar da muka ɗaga gawarwakin garin nan tare tun muna da ƙarfinmu. Ban yi fushi da ita ba, don na san tsoron, ni ma mace ce. Amma a kujerar nan na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar mijina.

Samira ta zo jana'izar daga Birmingham, ita ta mayar da ni gida a motarta. Da muka tsaya a ƙofa ba ta kashe injin ba, ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

"Mma, in lokacinki ya yi, ni zan yi miki. Da hannuna, yadda kike yi. Ba wanda zai ji komai."

Na ce mata a'a, na buɗe ƙofa na fita.

To ku ji da kyau, ku manya, ku kuma gaya wa na ƙasa da ku. Na riga na yi magana da wasu matan Somaliya a wani masallaci a unguwar Hulme, yayanku ya san wurin, sun amsa. Ba su san ni ba, ba su san kowa nawa ba, su za su wanke ni. Ban tsine wa Samira ba, 'yata ce, ina sonta, in ta zo ku tarbe ta, ku ba ta abinci, ta yi min addu'a. Ta iya aikin, wallahi ta fi duk matan garin nan iyawa. Amma ba za ta ga bayana ba. Ku ajiye mata kujera a baranda.